Ƴan kai abinci a kan moto: ba kowace sa'a ce ta nema ba

Wata sana'a ta kunno kai a Yamai cikin ƴan shekarun nan, tana kuma leƙa Maraɗi da Damagaram. Ma'aikaci na zaune a biro, ko ɗan kasuwa a rumfarsa, ya aika saƙo ta WhatsApp wajen mai tuwo, ba da jimawa ba saurayi ya faka moto a ƙofa da kwanon shinkafa ko dambun zogale. Galibin samarin nan moton ba nasu ba ne. Wani alhaji ne ko wani ma'aikaci ya saya ya ba su, da sharaɗin su kawo masa wani abu kowace rana. Saboda haka yaro kan fita tun da hantsi, ya yini yana zagaya gari har dare, yana zaton yawan yawo shi ne yawan samu. Hausawa kuwa sun riga sun ce zafin nema ba ya kawo samu.

Sa'ar da ta fi kowace albarka ita ce daga ƙarfe 12 zuwa 2 na rana, Litinin zuwa Alhamis. Yawan masu jin yunwa dalili ne, amma babban dalilin shi ne sun taru wuri guda. Ma'aikatun gomnati da bankuna suna cunkushe a unguwar Filato da tsakiyar gari, ƴan kasuwa kuma na Babbar Kasuwa da Katako. Mai wayo kan tattara saƙonni tun ƙarfe 11, ya ɗaura kwano huɗu ko biyar, ya sauke su a tafiya guda. A ƙaddara ladan kai kwano jikka rabi ne: kwano biyar a layi ɗaya sun ba da jikka biyu da rabi da ɗan mai kaɗan. Wanda ya ɗauki kwano ɗaya tak zuwa Talaje ko hanyar filin jirgi, ko an ba shi jikka guda, komowa zai yi hannu wofi, kuma man komowar daga aljihunsa zai fita. Wannan komowa ita ce samari ba su sa wa cikin lissafi, ita ce kuma ke cinye riba.

Maganar mai ba ƙarama ba ce. A watan Yulin 2024 gomnati ta rage kuɗin lita zuwa tamma 499, wato dala ɗari ba tamma ɗaya. Amma tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023, arhar ƴan ruwa-ruwa da Maraɗi da Ƙonni suka saba da ita ta kau, kuma a watan Maris na 2025 an ga dogayen layuka a gidajen mai, duk da matatar Damagaram da ke aiki tun 2011. Wanda zai cika tanki ya cika shi da sassafe. Tsayuwa a layin mai da azahar asarar yinin ce gaba ɗaya.

Ranar Juma'a biro na tashi kafin salla, kowa ya nufi tukunyar gidansa. Ranar nan sai da dare ake ciniki, wajen masu gasa kaza da balangu.

Daren ma da nasa farashi. Bayan isha'i hanya ta yi sauƙi, iska ta yi sanyi, iyalai na neman nama, amma gidajen a warwatse suke, lunguna da yawa ba fitila, ga rairayi ga ramu, ga kuma ɓarayin moto. Idan ƙarfe 10 ya wuce, ladan kwano guda bai kai a yi caca da moton jikka ɗaruruwa ba, balle da rai. Haka nan duk saƙon da zai ƙetare kogi zuwa Harobanda a sa'ar tashi daga aiki, gara a bar shi ya jira. Gadar Kenedi ta 1970 har yanzu tana cushewa da marece, ko da yake an ƙara ta biyu a 2011 da ta uku a 2021. Miya kan huce a kan gada, mai saye kuma ba ya sake kira.

Azumi kan juya lissafin duka. Cinikin rana ya mutu, kome ya matse cikin sa'a guda kafin magariba, kuma ita ce sa'ar da kowane direba ke gudu da ƙishirwa a wuya da gajeren haƙuri. Wanda ya san aikinsa kan fara rabo tun bayan la'asar, ya sha ruwa a zaune, sannan ya sake fita bayan asham, lokacin da gari ke cika da masu neman abin marmari. Bazara kuwa, a Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, kuma sa'ar ciniki ita ce sa'ar ƙuna. Sa'o'i biyun nan na azahar sun isa. Daga nan a nemi inuwa da ruwa har la'asar sakaliya. Da damina, musamman Agusta, saƙonni kan ƙaru in hadari ya haɗu domin ba mai son fita, amma ruwan da ya rufe kwalta ba ya nuna inda rami yake.

Wata ma da tudu da kwari. Kwana goma na bayan albashi ciniki na gudu. Idan wata ya yi nisa, ma'aikaci ya koma ga kwanon gida. A kwanakin ne ya kamata a kai moto wajen makaniki a canza baƙin mai da birki. A Damagaram da Tawa kuwa ba albashi ke jan ragama ba, ranar kasuwa ce: Alhamis can, Lahadi nan, sauran kwanaki a cike da kabu-kabu.

Saura masu moto. Wanda ya yanke wa yaro kuɗi iri ɗaya kowace rana, ran albashi da ran 25 ga wata, ran Litinin da ran Juma'a, shi ne ke tura shi cikin lungu da tsakar dare don ya cike gibi. In an mai da lissafin na mako, kuɗin alhaji bai ragu ba, yaro kuma ya samu damar ajiye moto ƙarfe 10.