Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

'Yan'uwa ɗalibai, mu 'yan unguwar Kusugu ta birnin Daura mun ga abu biyu a hutun da ya wuce, kuma har muka komo makaranta sun hana mu sakat. Na farko, wasu matasa masu ganin su ne dogaran addini sun faɗa gidan wata tsohuwa Bamagujiya a wani ƙauye, suka farfasa mata randunan burkutu, suka watsar da tsiron da ta shanya. Na biyu, ran kasuwa muka tarar ana loda buhunan kaura a tirela, dillali yana lissafi da carbi a hannu. Duk wanda ke wurin ya san inda dawar za ta. Ba wanda ya ce uffan.

Kada wani ya yi mana gurguwar fahimta. Giya haramun ce ga Musulmi, ba mu sha, ba mu kuwa kiran kowa ya sha. Ƙorafinmu a kan mudu ne: don me ake auna wa tsohuwa da wani, a auna wa mai jari da wani?

Bari mu faɗi aikin da matar nan ke yi, don galibinmu 'yan boko ƙyamarsa muka iya, ba mu san shi ba. Takan jiƙa jar dawa ta kwana, ta baza ta a inuwa ta lulluɓe, tana yayyafa ruwa kwana huɗu ko biyar har ta tsira. Sai ta shanya, ta niƙa, ta dama, ta dafa, ta bari ya yi tsami, ta sake dafawa, ta tace, kana ta zuba ragowar tsohon dahuwa ya tashe shi cikin kwana biyu. Asirin duka yana ga tsiron, don shi ke mai da garin hatsi ya koma zaƙi. Ta san wannan da hannu da harshe, ba ma'aunin zafi, ba littafi. Takwaranta na Ingila, wanda gwamnatinsa ta yafe masa lasisin dafa giya a gida tun 1963, haka yake yi da tsiron sha'ir zalla in zai haɗa baƙar giyar nan marar ƙarfi da leburorin masana'antu suka saba sha. Shi ana ce masa gwani, har da ƙungiyoyi da gasa. Ita kuwa sanda.

To, ina tirelar ta dosa? A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga ƙetare. Kamfanonin giya, ciki har da Nigerian Breweries mai masana'anta a Kakuri ta Kaduna tun 1963, suka juyo kan dawarmu. Irin da ake kira SK5912, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar, yana cikin waɗanda suka karɓu wajen yin tsiro. An ɗage hanin daga baya, amma cinikin dawar bai tsaya ba. Wato ilmin da Maguzawan Malumfashi da Kafur suka gada kaka da kakanni, shi ne injiniyoyi suka sa wa rigar ƙarfe, kuma da gumin manomi Musulmi ake cika tukunyar.

Saura batun kuɗi, inda bakin manyanmu kan mutu. Tun 1994 ake karɓar harajin VAT, a tara shi a asusun tarayya, a raba wa jihohi da ƙananan hukumomi. Kuɗin kwalba na ciki. Jihar Katsina ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, amma ba mu taɓa jin an ware wannan kaso an mayar ba. Da aka goranta wa Arewa haka a 2021, mun fusata ƙwarai. Amsa ce dai ba mu da ita. Ku 'yan'uwanmu sababbin ma'aikata, albashin da kuke jira ƙarshen wata daga wannan randar ake ɗebo wani abu nasa. Mu ma da ke jiran kuɗin tallafin karatu ba mu tsira ba. Ko a Kano, inda ake bi ta kan kwalabe da motar daɓe hanya a gaban 'yan jarida, asarar ta ƙaramin ɗan kasuwa ce, kamfani ya riga ya karɓi kuɗinsa.

An kuma shaida mana tun farko cewa Shari'a ba ta hau kan wanda ba Musulmi ba. In haka ne, da wane hurumi aka shiga gidan tsohuwar? In kuwa da gaske ake son raba ta da wannan sana'a, hanya na nan. Tsiron da ke yin burkutu shi ke zaƙaƙa kunun zaƙi, shi ne kuma tushen Maltina da muke rabawa a walimar saukar karatu. Hannun da ya iya tsiro yana da kasuwar halal, in an ba shi jari da rumfar shanya.

Muna kira ga ƙungiyarmu ta rubuta wa Majalisar Dokokin Jiha ta nemi a bayyana matsayin gwamnati kan kason harajin giya. Kafin amsa ta zo, waɗanda suka fasa randunan su biya tsohuwar kuɗin randunanta da na dawarta.