Kada mu sayar da injin da ba mu da kayan gyaransa

Duk ɗan kasuwar da ke hulɗa da dillalan kaya na Chaina ko na Dubai ta WhatsApp ya san irin hotunan da suke turo mana ba dare ba rana. A cikinsu har da wata na'ura mai kama da kunkuru, wadda ake jefawa cikin kwamin ninkaya na otal ko na gidan mai hali, ta yi ta rarrafe a ƙasan ruwa, tana hawa bango tana tsotse datti, ba tare da kowa ya riƙe ta ba. Abin sha'awa ce, ba mu musa ba. Amma kafin wani daga cikinmu ya ce a sa masa guda biyar a cikin kwantena, ya kamata mu tsaya mu dubi abin da riƙe irin wannan na'ura yake nufi, domin darasin da ke cikinta ya shafi kowane inji da muke kasawa a kasuwannin Salaga da Yendi da Bawku.

Na'urar nan, ko Dolphin ce ko Polaris ko wata daban, aikinta kusan iri ɗaya ne. Tana da mota mai tuƙa ƙafafunta, da wata mai juya farfelar da ke zuƙo ruwa, da buroshi mai kankare gansakuka, da rariya a cikinta inda datti ke taruwa. Wasu suna da doguwar waya da ke zuwa akwatin rage ƙarfin wuta a bakin kwamin, wasu kuma batir ne ake caja musu. Ba ta kashe ƙwayoyin cuta, wato mai kwami bai huta da sayen kilorin ba. Kuma masu yin ta da kansu suna gargaɗin a wanke rariyar bayan kowane aiki, a fitar da ita daga ruwa in ta gama, kada a bar ta cikin rana. To, jama'a, mu da muka san zafin watan Maris a Bawku, muka san yadda ƙurar hunturu ke rufe komai daga Disamba zuwa Fabrairu, muna iya ƙiyasta kwana nawa rariya da buroshi da roba za su yi a nan. Babbar matsalar ita ce motar a rufe take ruf domin kada ruwa ya shiga. Ranar da robar da ke tare ruwan ta saki, galibi ba buɗewa ake yi a gyara ba, sabuwar mota ake sakawa. Wa ke da ita a shagonsa? Mai otal a Tamale da ya biya kuɗi masu yawa zai koma ga yaronsa da doguwar sanda da raga, na'ura kuma ta zama abin ado a sito.

Wani zai ce ina ruwanmu, tunda masu kwamin ninkaya a garuruwanmu ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Gaskiya ne. Sai dai abin da ke kashe kunkurun nan na mai otal shi ne yake kashe injin ban-ruwan manomin albasa a bakin kogin Farar Balta, kuma wannan mu muke sayar masa. Manomi ya ci bashi ya sayi inji a hannunmu, ko wanda muka ɗauko daga Sinkase ko daga Kumasi. Ana tsakiyar rani, albasa ta fara ƙwai, sai robar famfo ta cinye saboda yashin da ke cikin ruwan, ko farfela ta fashe. Ya zo shagon da ya saya, mu ce masa babu, ya jira kaya na gaba. Albasa kuwa ba ta san jira ba. Cikin 'yan kwanaki gona ta ƙone saboda abin da kuɗinsa bai kai na buhu ɗaya ba. A Bawku ma abin ya fi muni, domin rashin zaman lafiya na shekarun nan ya sha tsayar da motocin kaya, abin da babu shi a gari ba a san ranar isowarsa ba. Haka labarin yake ga famfon sola da ake sakawa a rijiyoyin burtsatse yanzu, wanda ƙaramin akwatin da ke sarrafa wutarsa in ya ƙone, unguwa guda ta koma ɗiban ruwan tafki.

Idan ba mu manta ba, ƙasar nan ta taɓa shan wannan wahalar. Tun daga shekarun 1970 aka haƙa rijiyoyin burtsatse masu yawa a arewa da taimakon ƙasashen waje, musamman Kanada, aka kakkafa musu famfon hannu. Da suka fara lalacewa sai aka gane cewa haƙa rijiya shi ne aiki mai sauƙi. Daga baya gwamnati ta taƙaita famfunan da za a riƙa kafawa zuwa iri huɗu: Afridev, da India Mark II da aka yi wa kwaskwarima don Gana, da Nira, da Vergnet. A shekarar 1998 kuma aka kafa hukumar ruwan sha da tsafta ta karkara, wadda ta ɗora alhakin kula da famfo a kan mutanen gari, tare da makanikai na yanki da aka horar. Hikimar Afridev ita ce an ƙera shi yadda mutanen ƙauye za su iya zaro sandunansa su canza robar da ta cinye da sifana ɗaya da ƙugiya. Ba mu ce tsarin ya gama warware komai ba, har gobe akwai matattun famfuna a ƙauyuka. Amma ruwa mai tsabta yana cikin abubuwan da suka kori kurkunu, ciwon da aka ga na ƙarshensa a Gana a 2010, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar da kawar da shi a 2015. Mutanen Salaga ma sun fi kowa sanin wannan zancen, domin tsofaffin rijiyoyin da suka shayar da ayarin fataken goro, guga da igiya da yasa kawai suke bukata, kuma duka ukun ana samunsu a gari.

Mun san abin da 'yan'uwa za su ce. Mai saye araha yake nema, in ba ka kawo ba maƙwabcinka zai kawo, sannan tara kayan gyara kashe jari ne, tunda roba na iya wata shida a kan kanta ba a tambaye ta ba. Akwai gaskiya a ciki. Amma mu tuna da 2022, lokacin da sidi ya faɗi warwas, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba. A irin wannan lokaci ba mai iya sayen sabon inji, kowa gyara yake nema, kuma wanda ya ajiye boris da roba da kafireto shi ya ci kasuwa. Dubi yadda Suame a Kumasi ta zama gari guda a kan gyara kawai. Bugu da ƙari, cinikinmu na kan iyaka a kan amana yake tafiya. Manomin da gonarsa ta ƙone ba zai kai ƙara kotu ba, amma a ranar kasuwa ta gaba duk ƙauyensu sun san sunan shagon.

Shawararmu ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa ita ce a yi abin da gwamnati ta yi da famfon hannu. A zauna da fitoci da masu gyaran wuta na gari, a tambaye su wane inji ne suke iya buɗewa, wane ne kayansa ke shiga na wani, a tsaya a kan iri biyu ko uku maimakon kowa ya kwaso sunan da ba a taɓa ji ba. Duk mai odar inji goma ya sa dillali ya haɗo masa da robobi da farfela da matatar iska tun a kwantenar farko, ba sai an zo ana kuka ba. In dillalin ya ce ba ya da su, to ya riga ya gaya maka irin kayan da yake sayarwa. Kuma a daina rubuta garanti a baki. Idan wata uku ne, a rubuta wata uku a rasit, a faɗi abin da ya ƙunsa.

Shi kuwa Alhajin da ya dage sai ya kawo kunkurun wanke kwami, ba mu hana shi ba. Amma ya fara tambayar dillalinsa kuɗin sabuwar mota da na batir, da kwanakin da za su yi kafin su iso Tamale, ya gaya wa mai otal adadin kafin ya karɓi kuɗinsa.