Kafin Ka Biya Kuɗin Faiba, Tambayi Mutum Nawa Ne A Kan Zaren

Jama'a, ciniki a yau ya koma kan intanet, ko muna so ko ba ma so. Ɗan kasuwan Tudu da ke aika kaya Aflawo da Lome da Kwatano, da hoton WhatsApp yake nuna wa abokin cinikinsa atamfa, da MoMo yake karɓar kuɗinsa, kuma tun shekarar 2020 takardun kwastan na Gana ta na'urar ICUMS suke bi. Shi ya sa da kamfanoni irin su MTN da Telecel suka shiga tallar intanet na faiba a unguwannin Akra, 'yan'uwanmu da dama suka fara lissafin jawo shi shago ko gida. Ni ma ina goyon bayan haka. Sai dai mu 'yan kasuwa ne, ba mu saba sayen kaya a ƙulle cikin buhu ba, don haka ya kamata mai karatu ya san abin da ke cikin ɗan akwatin nan da ake maƙalawa a jikin turken lantarki kafin ya zaro kuɗinsa.

Ita faiba zare ce ta gilashi, kaurinta bai wuce na gashin kai ba, kuma haske ne ke ɗaukar saƙo a cikinta. Kamfani ba ya jan zare guda daga ofishinsa zuwa kowane gida, don tsadar za ta yi yawa. Zare ɗaya yake jawowa unguwa, ya shigar da shi cikin wata 'yar na'ura da masu aikin ke kira sifilita, wato mai raba haske. A cikinta akwai wani ɗan falle na gilashi da aka zana wa hanyoyi masu rassa. Hasken ya shigo ta ƙofa ɗaya, ya rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu, a haka har ya fita ta ƙofa 8, ko 16, ko 32, ko 64, kowace ƙofa da gidan da za ta nufa. Ba ta cin wuta, ba ta da batir, babu abin da ke motsi a cikinta. Wanda ya sha wahalar dumso a wajejen 2014 da 2015 ya san darajar na'urar da ba ruwanta da wutar ECG, ko da yake akwatin da ke cikin shagonka shi yana bukatar wuta.

To amma kowace rabuwa tana da farashi. Duk lokacin da haske ya rabu biyu, kowane reshe rabi yake samu. A raba sau 5 a jere, an sami gida 32, kowanne kuwa abin da ke isa gare shi bai kai kashi 1 cikin 32 na hasken da ya taso ba, saboda wani yana zubewa a mahaɗai. Injiniyoyi sun yi lissafin wannan tun farko, tsarin yana iya kai kimanin kilomita 20 lafiya lau. Matsalar tana tasowa ne in aka lanƙwasa zaren a kusurwar bango, ko aka ɗaure shi tamau da wayar ƙarfe, ko ƙura ta hau bakin mahaɗi. Ɗan hasken da ya rage sai ya gaza, jar fitila ta kama a akwatinka, layi ya yanke ana tsakiyar ciniki.

Abu na biyu shi ne wanda mai talla ba ya son tsayawa a kansa. A tsarin GPON, wanda aka fi amfani da shi a duniya, zaren da ke shiga sifilita yana ɗauke da kimanin megabit 2,500 a daƙiƙa wajen saukowa, da kimanin 1,250 wajen hawa, kuma duk waɗanda ke kan zaren ne ke cin wannan tare. Idan gida 32 ne suka ja a lokaci guda, rabon kowa megabit 78 ne. Idan 64 ne, ya koma 39. Wajen saukowa, saƙon kowa yana isa kowane gida, akwatinka ya tsinci naka, na maƙwabci kuwa a kulle yake da mabuɗin sirri. Wajen hawa kuma tamkar adashi ne, na'urar kamfani ce ke ba kowa lokacin ɗaukarsa, ɗaya bayan ɗaya, cikin saurin da ido ba ya gani. Akwati ɗaya da ya lalace ya riƙa haska fitila ba a layinsa ba yana iya hana sauran duka magana.

Kada a ce na ce wannan tarayya cuta ce. Ita ce ta sa kuɗin ya sauko har talaka ke iya tunaninsa, kuma da wuya a ce kowa ya ja da ƙarfi a daƙiƙa guda. Wanda ya tashi a gidan haya a Nima ko Maamobi ya san famfo ɗaya yana isar gida guda, sai dai da asuba ake ganin layin bokiti. Haka intanet yake bayan isha'i, lokacin da yara suka hau kallon ƙwallo. Inda cutar take shi ne a sayar wa mutum kaso a cikin tarayya, a bar shi yana zaton nasa ne shi kaɗai. Wani ma zai sayi layi ɗaya na gida, ya rarraba wa shago goma yana karɓar kuɗin wata, an yi rabo a kan rabo ke nan.

Saboda haka, Alhaji, Hajiya, kafin ku sa hannu ku yi tambaya uku. Gida nawa ne a kan wannan zaren? Saurin da aka rubuta, tabbatacce ne ko iyakar abin da zai iya kaiwa ne? In ya yanke, kwana nawa kafin a gyara, kuma wa zai biya kwanakin da aka rasa? Ranar da aka haɗa, ka sa ma'aikacin ya auna ƙarfin hasken a gabanka, ya rubuta maka a takarda. Wanda harkarsa ba ta jure yankewa, kamar mai fito da kaya a kwastan, ya nemi farashin layin da ba a raba shi da kowa, ko ya ajiye layin waya na wani kamfani daban. Ba mu manta da ranar 14 ga Maris 2024 ba, da wayoyin ƙarƙashin teku guda 4, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, harkoki suka tsaya a Gana da maƙwabtanta. Ba a tara ƙwai duka a kwando ɗaya.

Mu ma akwai namu nauyin. Kamfanonin sadarwa sun daɗe suna kuka da masu aikin hanya da masu haƙa gwata da ke tsinka musu waya. Zare ɗaya in ya tsinke kafin sifilita, gida 32 ko 64 ne suka shiga duhu. Sarakunan Zango da limamai su ja kunnen matasa: babu tagulla a cikin faiba, wanda ya yanke ta bai sami abin sayarwa ba, sai alhakin maƙwabta. Kada kuma a bar ɗan koyo ya buɗe akwatin turke, ko ya leƙa bakin zaren da ido, domin hasken ba a ganinsa amma yana iya cutar da ido.

Ga hukumar NCA kuwa, kiranmu shi ne ta wajabta wa kamfanoni rubuta adadin rabon da mafi ƙarancin sauri a takardar yarjejeniya, da harshen da mai saye zai gane. Majalisun Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa, da Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017, su tsaya a ga an shigar da lungunanmu cikin taswira, kada cunkoson gidajenmu ya zama hujjar jibga mana gida 64 a inda wasu unguwanni ke da 32. Mai sayar da masara ma a Tudu sai ya nuna maka mudun da ya auna da shi. Allah Ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.