Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Makon jiya na shiga baje kolin zane-zane da wasu 'yan'uwanmu ɗalibai suka shirya, na fito da takaici. Bango cike da fuskoki: ga sarki da rawani, ga amarya da lalle, ga makiyayi da sanda. Jama'a sai tafi suke yi suna cewa, "Kai, kamar hoto!" To, wannan yabo ne ko zagi? In mutum ya kwashe shekara huɗu a jami'a, uba ya sayar da hatsi ya saya masa fenti da burushi, ƙarshen gwanintarsa kuwa ita ce ya yi cikin mako uku abin da wayar hannu ke yi kafin ƙiftawar ido, ai asara ta tabbata.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Ba na cikin masu cewa abin kunya ne mai zane ya dubi hoto. A 1854 Delacroix, babban mai zanen nan na Faransa, ya sa an ɗauko masa hotunan mutane, ya riƙa yin zane daga cikinsu, ba wanda ya tuɓe masa rawani don haka. Doki a guje ranar hawan salla ba zai tsaya maka ba, tsohuwa mai tallar fura ba za ta zauna maka wuni uku ba. Hoto bara ne mai amfani. Rigimata da waɗanda suka mai da baran nan ubangida ce. Su ja layuka a kan hoto, su ja a kan allo, su bi gida-gida suna kwafe duk abin da kyamara ta ce, har da ƙaryarta.

I, ƙarya na ce. Idon mutum yana ganin abin da ke cikin rana da abin da ke cikin inuwa a lokaci guda, kyamara kuwa ba ta kai shi ba. In ta gyara farar riga, sai ta mai da inuwar ƙarƙashin rawani baƙin rami. In ta gyara fuska, sai rigar ta ƙone, aikin da maɗinki ya sha wuya a kansa ya ɓace. Ga kuma wani abin da ya shafe mu kai tsaye. Tun daga shekarun 1950, kamfanin Kodak yana raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, da shi ake daidaita launi. Sai a shekarun 1990 aka fitar da mai ɗauke da baƙar mace. Ashe da fatar wani aka daɗe ana auna tamu. Kyamarorin yau sun ci gaba, amma har yanzu injin wayar ne ke yanke hukuncin hasken fuskarka. Wanda ya kwafe hukuncin nan ido rufe, shi ne ke zana mana uwarsa ko dai baƙa ƙirin ba ido ba hanci, ko fara fat kamar ta sha mai.

Mene ne magani? Na farko, a san matakan haske da duhu kafin a taɓa launi. Albert Munsell, wani malamin zane a Amurka, ya fitar da tsarinsa na auna launi a 1905, inda aka jera matakan daga baƙi a 0 zuwa fari a 10. Kowane launi yana da matakinsa: rawaya tsantsa tana sama kusa da fari, shunayya tana ƙasa kusa da baƙi. Ka mai da hoton baƙi da fari, ka ƙanƙance ido har ƙananan abubuwa su narke, ka tara abin da ya saura gida uku: haske, tsaka-tsaki, duhu. Ka gwada wannan a 'yar takarda kamar tafin hannu. In fuskar ba ta fito a nan ba, ko ka zuba fentin duniya ba za ta fito ba. In ta fito, ko da kore ka zana ta, za a gane mai ita.

Na biyu, kai za ka zaɓi launi, ba kyamara ba. Kowane launi da kishiyarsa: ja da kore, shuɗi da ruwan lemo, rawaya da shunayya. In suka zauna kusa sai su tsokani juna su yi haske, in aka gauraya su sai su kwantar da juna. Don haka inuwar fatar da rana ta dasa ba baƙi ba ce, ruwan ƙasa ce da aka sanyaya da shuɗi. Kuma ba yawan fenti ne gwaninta ba. Anders Zorn na ƙasar Suwidin ya shahara da zana fuskoki da launi huɗu kacal: fari, baƙi, ja da rawayar ƙasa. Ɗalibin da ke kukan tsadar kaya ya yi tunani a kan wannan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a ƙasar nan an riga an yi wannan yaƙi. A 1958, a kwalejin Zariya wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ɗalibai irinmu, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane, suka ƙi yarda su zama 'yan kwaikwayon Turawa. Suka ɗauki dabarar da aka koya musu, suka haɗa da abin gida. Grillo ya rasu a 2021, amma har gobe wanda ya ga shuɗin nan nasa daga nesa ya san aikinsa ne. Wace kyamara ce ta ba shi wannan shuɗi? Su sun ƙi bautar malamin da ya zo daga Ingila, mu kuma mu durƙusa wa akwatin da ke aljihunmu?

Za a ce mini masu kuɗi kamanni suke saye. Haka ne. Amma wanda kamanni kaɗai yake nema, gobe zai gane mai buga hoto a bakin kasuwa ya fi ka sauri da araha, ya bar ka da burushinka a hannu. Abin da ba a samu a wurin mai buga hoto shi ne idonka da zaɓinka.

Saboda haka, 'yan'uwa, a baje koli na gaba, in kun ji an ce da aikinku "kamar hoto," kada ku yi murmushi. Ku koma ɗakin zane ku sake.