Lasin Masu Mayar Da Majiyyaci Ga Sana'arsa

Mutum ya kan warke a asibiti, a sallame shi, amma ya koma gida bai iya riƙe lauje ba, balle ya jefa birgi a ruwa. Akwai ma'aikatan lafiya waɗanda aikinsu ya kan soma daga nan. Su ne ke koya wa wanda ɓarin jikinsa ya shanye yadda zai sa riga da hannu ɗaya, su gyara wa wanda kuturta ta ci yatsunsa ƙotar fartanya yadda za ta zauna a hannunsa. Mutane su kan haɗa su da likitocin gashi, amma mai gashi gaɓa ya ke jinya, su kuwa waɗannan hankalinsu yana kan aikin da gaɓar za ta yi.

A Amurka kowace jiha ita ke ba su lasin. A Nijeriya kuwa hukuma ɗaya ce ta Tarayya, wadda aka kafa da doka ta 38 ta shekarar 1988, ta ke yi musu rajista tare da masu gashi da masu gyaran magana. Lasin nan kowace shekara a kan sabunta shi, kuma sai ma'aikaci ya nuna ya halarci kwas ko taron ƙara ilmi. Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro a 1991, ba ta da hannu a ba da lasin. Nata shi ne ɗaukar ma'aikata da biyansu.

Mu dai muna goyon bayan wannan doka. Duk wanda ya ga hannun da aka ɗaure ba bisa ilmi ba har ya ƙage, ya san amfanin a tambayi mutum takardarsa. Ilmin jinya kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya, wanda ya bar karatu shekara goma an wuce shi.

To, amma a dubi ƙasar Haɗejiya. Makarantun da suka fara koyar da wannan aiki suna Kudu, watau Oshodi a Ikko da jami'ar Ile-Ife, masu yinsa kuwa kaɗan ne ƙwarai a ƙasar nan duka. Tarurrukan ƙara ilmi yawancinsu a manyan birane a ke yi, ko ta intanet. Idan an samu wani ya yarda ya zauna a Haɗejiya, sai ya rufe ɗakin aikinsa, ya biya mota da masauki, kafin ya cika sharaɗin. In damina ta yi nisa, kogi ya cika ya yanke hanyoyin Auyo da Kiri Kasamma da Guri, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022, ko intanet ɗin ma ba tabbas. Da ya sha wannan wahala sau biyu sau uku, sai ya nemi canji zuwa Kano, kuma ba mu ga laifinsa ba.

Akwai kuma maganar abin da a ke koyarwa. Majiyyacinmu masunci ne, ko manomin shinkafa a fadama, ko mace mai daka da ɗebo ruwa. A tabarma ya ke kwana, a kwalekwale ya ke ƙetare ruwa, keken guragu kuwa ba ya tafiya a taɓo. An tabbatar Nijeriya ta rabu da shan inna a 2020, amma waɗanda ta riga ta shanye suna nan a garuruwanmu sun girma, suna neman abin yi.

Saboda haka muna roƙon Ma'aikatar Lafiya a Dutse ta ɗauki nauyin kuɗin kwas, ta ba da hutun zuwansa, ta kuma tura 'ya'yan jihar su koyo aikin bisa alkawarin su komo gida. Hukumar Tarayya kuma ta yarda a shirya taro guda kowace shekara a Babban Asibitin Haɗejiya, da rani sa'ad da hanya ta bushe, a gayyato ƙwararru daga asibitin ƙashi na Dala, a lissafa wa mahalarta shi cikin abin da a ke nema wajen sabunta lasin.