Nakasassu da gidajen gwamnati a Dutse: Wa ke da alhakin gyara?

A watan Janairun 2024 ne wa'adin shekaru 5 da dokar hana nuna wariya ga nakasassu ta Najeriya ta ɗiba ya cika, wa'adin da aka bai wa hukumomi domin su gyara gine-ginen jama'a yadda gurgu da makaho za su iya shiga su fita ba tare da an ɗauke su ko an ja musu hannu ba.

Tun daga lokacin, akasarin muhawarar da ake yi ta tsaya ne a kan ma'aikatu da asibitoci da bankuna da makarantu. Ba a cika tabo batun gidajen da gwamnati ke ginawa domin jama'a ba, alhali a gida ne mutum ke kwana ya tashi, ya yi alwala, ya kewaya.

A Dutse, babban birnin jihar Jigawa, batun na da muhimmanci na musamman, saboda gari ne da gwamnati ta gina kaso mai yawa na sabbin unguwanninsa, kuma jiha ce da ta yi suna wajen yi wa nakasassu tanadi tun kafin gwamnatin tarayya ta yi nata.

Garin da aka gina cikin gaggawa

Lokacin da gwamnatin mulkin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro jihar Jigawa daga tsohuwar jihar Kano a ranar 27 ga watan Agustan 1991, Dutse ƙaramin gari ne da ba shi da masaukin da zai ɗauki ma'aikatan sabuwar jiha. An shafe shekaru wasu ma'aikatan na kwana a Kano suna zuwa aiki da safe.

Wannan ne ya sa gwamnatocin da suka biyo baya suka duƙufa wajen gina rukunonin gidaje, irin su na Takur da Gida Dubu da Fatara da kuma rukunin da aka fi sani da 744. Burin shi ne a samar da ɗakuna masu yawa cikin ɗan lokaci, a kan kuɗi kaɗan.

Salon ginin kuwa shi ne wanda aka saba gani a ko'ina a arewacin ƙasar. Ana ɗaga daɓen gida sama da ƙasa saboda ruwan damina, sannan a yi matakala biyu ko uku a bakin ƙofa. Tsakanin titi da gida akwai lambatu, wanda ake ɗora masa murfin siminti domin tsallakawa. Ƙofar banɗaki ta kan fi sauran ƙofofi ƙunci, a ƙasanta kuma akwai ɗan dakali da ke hana ruwa kwarara zuwa ɗaki.

Ko wane ɗaya daga cikin waɗannan yana da dalilinsa a wurin magini. Amma ga mai keken guragu, ko mai jan jiki, ko tsohon da shanyewar ɓarin jiki ta kama, ko wane ɗaya shinge ne.

Abin da doka ta tanada

Dokar tarayya, wadda shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2019, ta yi magana kai tsaye a kan masauki. Ta ce duk inda gwamnati ke samar wa jama'a wurin zama, to nakasassu ne za a fara dubawa.

Haka nan ta wajabta a binciki zanen ginin jama'a kafin a fara aiki, ta kuma tanadi tarar aƙalla naira miliyan 1, ko ɗaurin shekaru 2, ga jami'in da ya amince da zanen da ya saɓa ƙa'ida. Idan kuma nakasasshe ya sanar da hukuma cewa akwai abin da ke hana shi shiga wurin da yake da haƙƙin shiga, aka ƙi kawar da shi, dokar ta tanadi diyyar naira 10,000 a kan ko wace rana ta jinkiri.

Kafin wannan, a shekarar 2010 Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu, wadda sashenta na 28 ya ambaci shigar da su cikin shirye-shiryen gidajen gwamnati.

Ita kuwa Jigawa, a shekarar 2007 gwamnatin Alhaji Sule Lamido ta fara biyan nakasassu alawus na naira 7,000 a ko wane wata, a daidai lokacin da mafi ƙarancin albashi na ƙasa yake naira 5,500. A zamanin gwamna Muhammad Badaru Abubakar kuma jihar ta kafa tata dokar nakasassu, tun kafin a sanya hannu a kan ta tarayya.

Ke nan a takarda, nakasasshen Jigawa na cikin waɗanda suka fi samun kariya a arewacin ƙasar. Matsalar tana wurin da dokokin ba su kai ba.

Gidan wane ne?

Tun bayan da gwamnatin Olusegun Obasanjo ta ɓullo da tsarin mayar da alawus-alawus na ma'aikata zuwa kuɗi a shekarar 2003, gwamnatoci a Najeriya suka fara janye jiki daga zama masu gidan haya. Abin da ya fi yawa a yanzu shi ne tsarin zauna-ka-mallaka, inda ake bai wa ma'aikaci gida, ana cire kuɗin daga albashinsa har ya gama biya.

Tsarin na da farin jini, domin kuwa kowa na son ya mallaki muhalli. Sai dai ya haifar da wani yanayi mai sarƙaƙiya: mazaunin gidan bai gama zama mai gida ba, kuma shi ba ɗan haya ba ne cikakke.

Idan rufi ya fara yoyo, ko sokawe ya cika, ko murfin lambatu ya karye, hukuma na iya cewa gida ya bar hannunta. Ɗan kwangilar da ya yi ginin ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Titi da magudanar ruwa na ƙarƙashin wata ma'aikata, famfo na ƙarƙashin wata, jin daɗin nakasassu kuma na ƙarƙashin wata daban. Mai koke sai ya riƙa yawo daga ofis zuwa ofis, shi kuwa yawon shi ne abin da ya fi yi masa wuya.

Akwai kuma waɗanda ke zaune a gidajen a matsayin 'yan haya a hannun wanda aka bai wa gidan tun farko. Irin waɗannan ba su da wata alaƙa da hukuma, kuma ba su da ikon fasa matakala ko faɗaɗa ƙofa sai da yardar mai gida, wanda sau da yawa ke gudun abin da yake ganin zai ɓata masa fasalin gini.

Dokar 2019 ta fi mayar da hankali ne a kan gine-ginen gwamnati da waɗanda jama'a ke shiga. Da zarar an sayar wa mutum gida, da wuya a iya kafa hujja da ita a kan abin da ke cikin gidan. Ba ta kuma ƙayyade kwanakin da za a gyara yoyo ko toshewar masai ba.

Jinkirin da ba iri ɗaya ba

Jinkirin gyara ba sabon abu ba ne ga duk wanda ya taɓa zama a gidan gwamnati a Najeriya. Amma nauyinsa ba ɗaya ba ne a kan kowa.

Idan murfin lambatu ya karye, mai ƙafa biyu zai tsallake ya wuce. Mai keken guragu kuwa ya zauna a gida ke nan, ba kasuwa, ba wurin aiki, ba masallaci, har sai an sami matasan da za su ɗaga shi. Makahon da ya haddace hanyar gidansa da sanda, ramin da ya buɗe jiya a bakin ƙofa na iya karya masa ƙafa yau.

Idan famfo ya ɗauke, wani zai ɗauki jarka ya nufi rijiyar burtsatse, shi kuwa gurgu sai ya sayi ruwa a hannun 'yan garuwa. Idan banɗaki ya toshe, wanda ke tafiya da hannuwansa a ƙasa shi ne ke taɓa ƙazantar da wasu ke takawa da takalmi. Ga mace mai nakasa, wadda ba kowa ne zai ɗauke ta ba, lamarin ya fi tsanani, domin ya haɗa da sutura da mutunci.

Damina kan ƙara dagula al'amura. A shekarar 2022 ambaliyar ruwa ta hallaka mutane fiye da 100 a jihar Jigawa, ta kuma rusa dubban gidaje, sannan an sake samun wata a 2024. Wannan ne ma ya sa ba za a ce a daina ɗaga daɓen gida ba. Abin da ake buƙata shi ne a yi gangara a gefen matakala, a kuma riƙa yashe magudanan ruwa kafin ruwan ya sauka.

Jama'ar da abin ya shafa ba kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya na da nakasa mai tsanani. A arewacin Najeriya kuwa, duk da cewa a watan Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar shan inna ta asali, yaran da cutar ta shanye wa ƙafa a shekarun 1990 da na 2000 su ne magidanta da matan aure na yau masu neman muhalli.

Batun kuɗi

Hujjar da aka fi kafawa ita ce tsada. Amma rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar a 2011 ya nuna cewa idan tun a zane aka yi la'akari da nakasassu, ƙarin kuɗin bai wuce kimanin kashi 1 cikin 100 na kuɗin sabon gini ba. Gyara bayan an gama gini ne ke cin kuɗi.

Ƙa'idar da masu zanen gini suka fi amfani da ita ita ce, ko wane tsayin santimita 1 na buƙatar gangara mai tsawon santimita 12. Ke nan gidan da ke da matakala 3, mai tsayin santimita 45, na buƙatar gangara ta kusan mita 5 da rabi. A lokacin gini, wannan aikin birkila ne na yini ɗaya ko biyu. Bayan an kewaye gida da katanga kuwa, wani lokaci ko filin yin ta babu.

Idan aka bar wa mazaunin gidan ya yi da kansa, lissafin ba ya fita. Gwamnatin Malam Umar Namadi ta ƙara alawus ɗin nakasassu zuwa naira 10,000, amma tun bayan cire tallafin man fetur a 2023 kayan gini suka yi tashin gwauron zabo, har buhun siminti ɗaya ya kai kusan wannan adadi a 2024. Alawus ɗin da a 2007 ya zarce mafi ƙarancin albashi, a yau kashi 1 cikin 7 ne na naira 70,000 da aka tsayar a 2024.

Haka nan, rancen gidaje na asusun gidaje na ƙasa, wanda aka kafa a 1992, ya dogara ne a kan gudummawar kashi 2 da rabi cikin 100 na abin da mutum ke samu a wata. Akasarin nakasassu ba su da albashi, don haka tun a matakin rabo ake barin su a baya, duk da fifikon da doka ta ba su.

Darasi daga Ingila

Ƙasashen da suka ci gaba ma ba su tsira daga matsalar ba. A watan Disamban 2020, wani yaro ɗan shekara 2 mai suna Awaab Ishak, wanda iyayensa suka fito daga Sudan, ya rasu a garin Rochdale na Ingila sakamakon shaƙar fumfuna a gidan hayar jama'a, bayan mahaifinsa ya daɗe yana kai koke.

Mutuwar tasa ta sa aka yi dokar da ake kira da sunansa, wadda ta fara aiki a watan Oktoban 2025. Dokar ta tilasta wa hukumomin gidajen jama'a su magance matsalar gaggawa cikin sa'o'i 24, su kuma binciki koken danshi da fumfuna cikin ranakun aiki 10. Baya ga haka, ƙananan hukumomin Ingila na bayar da tallafin da ya kai fam 30,000 domin sauya fasalin gidan nakasasshe.

Jigawa ba ta da arzikin Ingila. Amma ƙayyade wa'adi, da fayyace ofishin da ke da alhaki, ba abubuwa ne masu cin kuɗi sosai ba.

Zakaran gwajin dafi

Gwamnatin Malam Umar Namadi ta ƙaddamar da shirin gina gidaje 1,500 a sassan jihar, ciki har da Dutse. A irin waɗannan sabbin rukunoni ne za a gane ko dokokin da aka kafa sun isa teburin mai zanen gini.

Tambayoyin a bayyane suke. Gidaje nawa ne aka yi musu gangara da faffaɗar ƙofar banɗaki? Kaso nawa aka ware wa nakasassu, kuma da wane sharaɗin biya? Idan abu ya lalace a shekarar farko, wa za a kai wa koke, kuma cikin kwana nawa zai amsa?

Masu amsa tambayoyin ma ba su da nisa. A ƙasar Hausa akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, akwai kuma ƙungiyoyin nakasassu na zamani, waɗanda suka san inda 'ya'yansu ke zaune da abin da ke damun su. Zagaye ɗaya da mai keken guragu a cikin gidan gwaji, kafin a gina sauran, zai nuna kurakuran da ba a gani a takarda.

Jigawa ce ta nuna wa sauran jihohin arewa cewa gwamnati na iya sanya nakasasshe cikin kasafin kuɗinta. Abin jira a gani shi ne ko za ta sanya shi cikin zanen gidajenta, ta kuma fito fili ta faɗi wanda zai zo da siminti ranar da murfin lambatun ƙofarsa ya karye.