Guɗarmu Ce Ta Ci Idon Ƙanena

'Yan uwana mata. Yau da ku nake, kuma ba lallashi na zo yi ba.

Ni 'yar mahauta ce daga Kibiya, aure ya kawo ni Rano. A gidanmu dambe gado ne. Da kaka ta yi, kalangu ya ɗauka, ba mai iya riƙe samarinmu, har da ƙanena. Wata shekara ya sha naushi tun a turmin farko, idonsa na hagu ya kumbura ya rufe ruf. Ubangidansa, wanda ya koya masa ɗaurin hannu tun yana yaro, ya duba idon, ya fesa masa ruwa, ya tura shi turmi na biyu, don an riga an zuba kuɗi. Mu kuwa muna gefe muna rangaɗa guɗa. Har da ni, wallahi. Yau idon nan ko hasken fitila ba ya gani.

Na daɗe ina cewa ƙaddara ce, sai da na ji tarihin wani mai horar da 'yan damben Turawa a Amurka, Eddie Futch. An haife shi a 1911, ya tashi a Detroit, ya rasu a 2001. Shi kansa bai ci abinci da naushi ba, likitoci suka hana shi saboda zuciyarsa, sai ya koma koyarwa. Cikin mutum biyar da suka taɓa doke Muhammad Ali, huɗu sun bi ta hannunsa. Kin ga ba ƙaramin ubangida ba ne.

To a 1975, a birnin Manila, yaronsa Joe Frazier ya kara da Ali. Turmi 15 za a yi, an gama 14, saura ɗaya tak! Duniya na kallo, kambu na gaba. Futch ya dubi fuskar yaronsa, idanu sun kumbura, ba ya ganin naushin da ke zuwa masa. Frazier ya nace sai ya koma. Futch ya zaunar da shi, ya ce an gama. Frazier ya daɗe yana jin haushinsa, amma da ƙafarsa ya koma wa iyalinsa.

Na san abin da za ku ce: ai dambenmu daban, namiji ba ya ja da baya. Haba! Wa ya koya musu haka in ba mu ba? Budurwa ce za ta murguɗa baki ta ce ita ba ta auren wanda aka kashe a fage. Uwa ce za ta ce kada ya kunyata gida. Ubangida mai imani ma, in ya janye yaronsa, mu ne za mu fara yi masa habaici a bakin rijiya. Ni ban ce a daina dambe ba, sana'ar iyayena ce. Amma ke da za ki miƙa ɗanki ga wani, kin taɓa tambaya ko ya taɓa tsayar da wasa sau ɗaya don ran yaro?

Ƙanena yana nan yana yankan nama a kasuwa, sai ya karkata kai kafin ya ga inda wuƙa za ta sauka. Yarinyar da ta fi kowa guɗa ran nan ta auri wani. Ubangidan kuwa, bara na gan shi da sababbin yara uku.